Hindatu da Shirun 'Yar Fari

Hindatu maƙwabciyata ce a Yalwawa. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma gajera, in na yi ɗage ina hango abin da ke cikin tukunyarta. Mun tare a unguwar kusan lokaci guda, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha, lokacin da Dutse ta cika da ma'aikatan da aka kwaso daga Kano, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ni sunana Rukayya, malamar firamare ce, mutuniyar Taura, kuma Allah ya yi ni da baki, ko a gidanmu an san da haka. Ita kuwa daga wata ruga take a bayan Miga, doguwa siririya, mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka kasa kunne kafin ka tsinci abin da ta ce.

Ta tashi ne a cikin tatsa da kaɗa nono, tana bin mahaifiyarta kasuwar Miga da ƙwarya a ka tun ba ta iya ɗaura zani da kyau ba. Da ta auri Uwaisu, ɗan uwanta da ya yi boko kaɗan ya samu aikin direba a wata ma'aikata, ya kawo ta Dutse, sai ta ƙi zama haka. Matan ruga suna kawo mata nono, ita tana kirɓa fura a gida, kafin azahar ta ƙare. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko da akuyar maƙwabta ta shigo ta yi mata ɓarna. Wannan haƙuri nata yana burge ni, yana kuma ba ni haushi, don ni da za a yi mini rabin abin da take shanyewa da unguwa ta ji mu.

Kowa Maman Sagiru yake ce mata, ni ma na daɗe ina zaton Sagiru ne ɗanta na fari. Sai wata Sallah da mahaifiyarta, wadda suke kira Dada, ta zo da wata 'yar yarinya mai tsinin baki. Yarinyar nan tun daga ƙofar gida take zuba, Hausa da Fillanci a cakuɗe, ta tambaye ni sunan kyanwata, ta tambaye ni me ya sa haƙorina ɗaya ya fi sauran tsawo. Na ce wa Hindatu, "Wannan akun ta waye?"

Ta kau da kai ta ce, "Ta Dada ce."

Dada ta kwashe da dariya. "Ke Malama, ba ki ga hancin ba? 'Yar farinta ce. Mahbuba. Tun daga yaye take wurina."

Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, ban ce ba ma yi ba. Amma tasu ta fi ƙarfin tamu. Hindatu ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta ɗaukarta, ba ta yi mata magana in da mutum a wurin, in ta zama dole sai ta ce "waccan" ko "ke". Yarinyar kuma Adda take ce mata, kamar wata yayarta. Uwaisu ma haka yake yi. A wurinsu wannan shi ne mutunci, fulako suke cewa, uwar da ta rungumi 'yar farinta a gaban jama'a ta zubar da tarbiyyar gidansu. Kuma babu wanda ya cutu, tunda Dada tana can tana yi wa yarinyar duk surutun da uwa take yi wa ɗa, har da ƙari.

Daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a, ruwa ya yi yawa. Kogi ya tumbatsa ya haye fadama, ya shiga ƙauyuka ta ɓangaren Taura da Miga. Rugar su Dada tana kan ɗan tudu, an ɗauka ruwa ba zai kai ba, sai ga shi ya kai. Maza suna can suna fama da tsallakar da shanu, tsohuwa da jikarta suka nufi hanya su kaɗai. Masu kwalekwale ne suka tsinci yarinyar maƙale a reshen wata kanya. Dada kuwa sai da ruwa ya ja baya aka ga gawarta a gonar shinkafa. Abin da ya faru a hanyar babu wanda ya sani, domin mai faɗa ɗaya ce, ita kuma tun da aka sauko da ita daga kanyar ba ta ƙara cewa uffan ba.

Bayan sadakar bakwai aka kawo ta Yalwawa. Ba ta wuce shekara shida ba. Na shiga gaisuwa na tarar da ita a gindin turmi, ta haɗa kai da gwiwa. Na ce, "Aku, yau ba za ki tambaye ni haƙorina ba?" Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. 

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Gidan nan babu mugu ko ɗaya. Hindatu tana zuba mata abinci kafin na kowa, tana wanke mata kaya, ta ajiye mata kwano a gaba ta juya ba tare da ta ce komai ba. Uwaisu ya dawo daga aiki da ƙosai ko rake, ya miƙa wa Sagiru ya ce, "Kai wa yayarka." Shi ke nan. Mutum ɗaya da take hira da yarinyar nan a duniya ruwa ya ci ta, an kuma kawo ta gidan da mutum biyun da suka haife ta ba su da ikon buɗa baki su yi mata magana. Su a ganinsu suna kula da ita ne yadda ya kamata, ita kuwa tana zaune a tsakiyarsu kamar baƙuwar da aka manta a zaure.

Na ɗauke ta zuwa makarantarmu ko ganin yara zai sa ta saki jiki. Ba a yi nisa ba suka sa mata suna Bebiya, na zane waɗanda na kama, amma suna ya riga ya bi ta. Wata rana mai kula da famfo ya buɗe ruwa a bokiti da ƙarfi, sai na ga yarinya ta sandare a tsaye, fitsari yana bin ƙafarta, bakinta a buɗe babu sauti. Daga ranar ban sake kai ta ba.

An yi rubutu an sha, an yi turare. Lokacin ruƙiyya tana tashe, aka kawo wani matashin malami ya yi karatu a kanta har muryarsa ta dushe, ya ce shi bai ga alamar iska ba, a kai ta asibiti. Na riƙe wannan maganar na dinga yi wa Uwaisu naci, safe da yamma, har ya gaji da ganin fuskata. Ranar da aka aike shi Kano da motar ofis ya ce mu shirya.

A babban asibiti aka yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan, har muka faɗa hannun wata mata mai suna Sista Madina, wadda aikinta ke nan, yaran da magana ta yi wa wuya. Ɗakinta babu allura, babu ƙarfe, sai tabarma da 'yan kayan wasa. Ta gwada kunnen yarinyar, ta lallaɓa ta leƙa bakinta, ta zauna a ƙasa tana jera mata gwangwanaye ba ta ce mata ta yi komai ba. Can ta ɗago ta dubi Hindatu.

"Maman yarinya, yaya sunanta?"

Hindatu ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta. Ni na amsa.

Sista Madina ta dube ni, ta sake duban Hindatu. "'Yar fari ce?"

Na ce e.

"To wa yake hira da ita a gida?"

Na dubi Hindatu, ita kuma ta dubi tabarma. Sista Madina ta gyara zama ta ce kunnen yarinyar lafiya lau, harshenta lafiya lau, tsoro ne ya rufe mata baki, kuma babu ƙwayar da za ta buɗe shi. Ta ce abin da take buƙata mutum ɗaya ne da za ta amince da shi, wanda zai zauna da ita kullum, fuska da fuska, yana aikinsa yana faɗa mata abin da hannunsa ke yi, yana kiran sunanta, sannan ya yi shiru ya jira. Kada a ce mata "ce kaza". Kada a yi mata tambayar da dole sai ta amsa. In ta buɗe baki kada a yi guɗa, kada a katse ta.

Na yi caraf na ce ni zan yi. Ta girgiza kai. "Malama, ke da safe kina makaranta, da yamma kina da naki gidan. Kuma ba fuskarki take bi da ido ba. Tun da kuka shigo nake lura." Sai ta ƙara da abin da ya zauna mini a ƙirji: "Ku kiyaye kada a sake firgita ta. Yaron da ke cikin wannan hali, in aka ƙara masa wani tsoron, yana iya yin shekaru bai dawo ba."

A mota muna dawowa, mun wuce Wudil, Uwaisu ya tsaya sallah. Hindatu ta ce a hankali, "Malama, ba zan iya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ai yanzu tana zuwa Islamiyyar matan aure, ta taɓa jin malam ya ce kiran sunan ɗa haramun ne? Ta ce ita ba zunubi take tsoro ba. "Dada ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba har ta koma ga Allah. Yanzu ƙasa ba ta gama bushewa a kanta ba, a ji ni ina abin da ba ta koya mini ba? Bakina ma ba zai buɗu ba." Na ce to ta zauna da fulakonta, yarinya ta zauna da shirunta, mu ga wanda zai riga gajiya. 

Ashe ta ji. Bayan 'yan kwanaki ina shanya da la'asar na ji murya ta bayan katanga, wata irin murya a ɗaure, kamar ta mai koyon karatu. Na yi ɗage. Ta tura Sagiru wasa, ta sa sakata a ƙofar gida, ta zaunar da yarinyar a gabanta da ƙwarya a tsakaninsu.

"Ga fura. Ina murza ta. Ta yi tauri yau." Shiru. "Ga nono. Na zuba." Shiru mai tsawo. Gumi yana tsattsafo mata a goshi kamar mai surfe. "Ludayi ne wannan. Ke, riƙe."

Sunan dai bai fito ba, "ke" ɗin nan ce. Amma yarinyar ta karɓi ludayin. Na sauke ƙafata a hankali na koma ɗaki, ban taɓa nuna mata na gani ba, don na san in ta san ana kallo an gama.

Haka suka yi ta yi a ɓoye kamar masu aikata laifi. Yarinya ta fara bin ta madafa. Ta fara ɗago kai ta kalli bakinta in tana magana. Wata rana Hindatu da kanta ta leƙo ta katanga, idonta yana ƙyalli, ta ce, "Malama, leɓenta ya motsa. Ban ji komai ba, amma ya motsa."

Ana cikin haka Baffa Modibbo ya sauka. Shi ne mahaifin Uwaisu, dattijo mai farin gemu wanda duk rugar ba a yanke magana sai da shi, kuma yana son jikarsa, wannan ba zan ɓoye ba. Ya zo da zuma da man shanu, ya ce ba zai koma ba sai ya ji muryarta. Aka gyara masa ɗakin zaure, amma wuni yake a tsakar gida a kan buzunsa, yana jan carbi yana kallon yarinyar. A gaban suruki kuwa Hindatu ko inda 'yar take ba ta iya kallo. Ƙwarya ta koma rataye. Cikin ɗan lokaci yarinyar ta koma gindin turmi.

Baffa ya gama nazarinsa ya yanke hukunci. Ya ce firgita ce ta ɗaure mata linzami, wato 'yar tsokar nan ta ƙarƙashin harshe, kuma ya taɓa ganin yaron da aka yanke wa ita ya tashi yana magana. Ya aika aka kira Malam Zailani wanzami, wanda yake yi wa rabin jariran Yalwawa askin suna da cire beli, aka sa ranar Asabar da safe.

Na tare Uwaisu a ƙofar gida na ce, "Kai ma fa kana nan aka ce harshenta lafiya lau." Ya ce ya sani. Na ce to? Ya dafe kai ya ce, "Malama, ni zan dubi idon Baffa in ce masa a'a?" Na sa hijabi na je da kaina, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe duk abin da aka faɗa mana a Kano na faɗa masa. Ya saurare ni har ƙarshe, bai katse ni ba.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kun kai ta Kano, kun dawo. Ta yi magana?"

"Ba ta yi ba tukuna, Baffa, amma..."

"To ku bar mu mu gwada namu."

Na fito cike da takaici. Abin haushin, ba zan iya ce masa ana samun sauƙi ba, domin in na faɗa sai na faɗi yadda aka yi aka samu, na tona wa Hindatu asiri a gaban surukinta.

Ranar Asabar ina jin sallamar Malam Zailani na bar shara na shiga. An shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Ya zauna ya buɗe zabirarsa, ya zaro wata 'yar ƙaramar aska yana gogawa a fata, ya ce a kawo ruwan ɗumi da gishiri. Baffa ya miƙa hannu ya jawo yarinyar, yana lallashinta da Fillanci, ya kwantar da kanta a cinyarsa. Uwaisu ya tsuguna ya riƙe ƙafafun, ya juya fuskarsa gefe.

Hindatu tana ɗaki. Haka al'adar take, uwar ɗan fari ba ta tsayawa inda ake yi masa wani abu, ko kaciya ko aure, sai ta yi kamar ba ta san ana yi ba. Na ɗaga labule na same ta a tsaye, ta riƙe ƙyauren ƙofa da hannu biyu, jijiyoyin wuyanta sun fito. Na buɗe baki zan zazzaga mata abin da ke cikina, sai na ga idonta. Na fasa, na tsaya a gefenta.

Ta gefen labulen muna gani. Malam Zailani ya ce, "Buɗe, 'yar Baffa. Haa." Ta datse haƙora. Ya gwada matsa mata kumatu, ta ƙi. Ya ce a ba shi muciya ƙarama ko ludayi ya sa ƙotar a tsakani. Sagiru ya ruga ya ɗauko ludayin da ke rataye. Sai Uwaisu ya saki ƙafa ɗaya ya jawo buta yana tsiyaya ruwan a kwano, ruwan yana ƙara a cikin kwanon silba. Yarinyar ta banƙare, bayanta ya tashi daga tabarma, idanunta suka firfito. Bakin ya buɗe da kansa, wangame, kuma ko ɗan sauti bai fita ba. Malam Zailani ya ce, "Yawwa, riƙe ta haka," ya ɗago askar.

"Mahbuba!"

A kusa da kunnena aka yi kiran, amma sai da na waiga don ban gane muryar ba. Ta fashe a tsakiya, ta yi ƙarfin da ban san Hindatu tana da shi ba. Hannun wanzami ya tsaya a sama. Butar ta faɗi daga hannun Uwaisu.

Hindatu ta fita, kanta ɗankwali kawai, ko mayafi babu. Ta ratsa tsakar gidan ta zube a gaban surukinta, ta sa hannu ta ɗauke kan yarinyar daga cinyarsa. Ta kwance ƙarin zanin da ta ɗaura a ƙugu, ta juya ta goya ta, ƙatuwar yarinya ƙafafu suna reto har gwiwa. Ɗaurin farko ya kwance, ta sake ɗaurawa.

"Baffa, ka yafe mini. Ba za a yanka ta ba."

Dattijon bai dube ta ba. Ɗansa ya duba. "Uwaisu, a gabana?"

Uwaisu ya kasa ɗago kai.

"Ka yafe mini, Baffa," ta sake cewa, hawaye yana zuba, amma ba ta sauke yarinyar ba. "'Yata ce."

Malam Zailani ya goge askarsa ya mayar cikin zabira. Ya ce shi tun da yake bai taɓa sa ƙarfe a jikin yaro uwa tana cewa a'a ba, ya yi sallama ya fita. Baffa ya naɗe buzunsa. Ko furar da aka dama masa bai taɓa ba, kafin azahar ya hau motar Miga.

Da labari ne na daɗin baki, da a ranar yarinyar ta yi magana. Ba ta yi ba. Abin da ya biyo baya wuya ce zalla. Magana ta riga Baffa isa ruga: Hindatu ta zubar da fulako, birni ya cinye ta, ta goyi 'yar fari a gaban suruki tana ƙwala mata kira kamar mai tallan goro. Matan da suke kawo mata nono suka canza hanya, sana'arta ta tsaya cak. Uwaisu ya daɗe ba ya ce mata komai sai gaisuwa. Da aka yi biki a danginsu ba a aiko mata ba. Ta rame, ita da dama babu jikin.

Amma ta daina sa sakata. A buɗe take zama da yarinyar, ko wa zai shigo, tana tankaɗe tana cewa, "Mahbuba, ga gari. Mahbuba, rariyar nan ta huje." Ta yi shiru ta jira. Kaka ta wuce, aka shiga rani, aka shiga bazara. Ni da na fi kowa zaƙewa sai da na fara shakka a raina, ina cewa anya ba mu raba mata da danginta a banza ba? Wata rana ita ma ta tambaye ni, ba ta dube ni ba, "Malama, in da an bar Baffa ya yi, ko da yanzu ta warke?" Na ce mata a'a da ƙarfi, alhali ni ma ban sani ba.

Bayan shekaru, matan unguwa sun riƙa kawo wa Hindatu yaransu masu nauyin baki da masu i'ina, ta zaunar da uwa da ɗa a tabarma ta nuna musu yadda ake jira, wanda ya fi ƙarfinta ta ce a kai shi Kano. Mahbuba ta yi makaranta, i'ina kaɗan ta rage mata in ranta ya ɓaci. Baffa kuwa har ya rasu bai ƙara kwana a gidan ba. Duk wannan daga baya ne, a lokacin babu wanda ya san za a kai can.

Wata la'asar ce a ƙarshen bazara, hadarin farko ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu. Na shiga taya Hindatu kwashe shanya, muna sauri iska tana fizgar zannuwa. Yayyafi ya fara bugun kwanon rufi. Mahbuba tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, na ga jikinta ya fara sandarewa, na ce a raina yau kuma mun shiga uku. Hindatu ta zubar da kayan da ke hannunta ta je ta tsuguna a gabanta.

"Mahbuba, ruwa ne. Yana sauka a kan kwano. Muna gida."

Ta yi shiru. Yarinyar ta kama wuyan hannunta ta matse har farcenta ya shiga.

"Adda."

Muryar a shaƙe take, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Guɗa ta taso mini har maƙogwaro, na toshe bakina da rigar Sagiru. Hindatu ko motsi ba ta yi ba, ba ta ce komai ba, ta jira. Ruwa ya fara jiƙa mata baya.

"Ni na... ni na sake ta."

Shiru.

"Dada ta ce in riƙe ta gam. Na riƙe. Hannuna ya gaji."

Ashe abin da yarinyar nan take ɗauke da shi ke nan tun daga kan kanyar, ita kaɗai, mu muna ta leƙen harshenta. Hindatu ta bari sai da ta tabbata ta gama, sannan ta ɗora ɗaya hannun a kan 'yan yatsun da suka matse ta.

"Ba ke ba ce, Mahbuba. Ruwa ne ya fi ƙarfinku. Ko ni ce a wurin, da hannuna ya gaji."

Sai a lokacin yarinyar ta yi kuka, kuka mai sauti, har matan gidan gaba suka fara leƙowa ta katanga suna tambayar wa ya mutu. Na daka musu tsawa su koma. Na bar sauran shanyar a kan igiya tana jiƙewa, na fita na ja musu ƙofa.